Ɗaukar Hoton Karnuka da Shimfiɗar Ƙasa

Ɗaukar hoto don sha'awa ta fara bazuwa ne a shekarar 1888, lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda kowa ke iya sarrafawa ba sai gwani ba. Yau wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa lamarin, kuma karnuka da shimfiɗar ƙasa suna cikin abubuwan da aka fi ɗauka a waje.

Wahalar hoton kare ita ce rashin zamansa wuri ɗaya. Idan yana gudu, ana saita kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, don kada hoton ya yi dishi-dishi. Mai ɗauka yakan durƙusa har kyamara ta yi daidai da idon karen, domin hoton da aka ɗauko daga sama yana ƙanƙantar da dabba. Ana kuma guje wa fitilar kyamara, saboda a bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke sa idon ƙyalli.

Hoton tsauni, kogi ko daji kuwa ya dogara ne ga haske. Sassafe da dab da faɗuwar rana sun fi dacewa, domin inuwa takan yi tsawo ta fito da siffar ƙasa. Rana tsaka tana kashe launi, hazon hunturu kuma yana ɓoye abin da ke nesa. Sanin lokaci da haƙuri sun fi tsadar kyamara tasiri a wannan sha'awa.