Gadon Tsohuwar Manhaja: Da Wane Tsintsiya Za A Share Ta?

A zangon da ya wuce ne malaminmu na Nazarin Harshe ya miƙo mani wata ma'ajiyar filasha, ya ce a cikinta akwai rumbun kalmomi da karin magana da ɗaliban wannan sashe suka daɗe suna tattarawa. Wanda ya gina rumbun ya kammala karatu tuntuni, ba wanda ya san inda yake. Laifina ɗaya, an taɓa ganina ina gyara kwamfutar wani a aji. Ni da na koyi Hausa da girmana, sai ga shi an ba ni gadon wani harshe na uku, wato harshen na'ura.

An gina rumbun ne da Microsoft Access, a tsohon tsarin fayil na mdb, wanda accdb ya gaje shi a 2007. A bayan allon da ake shigar da kalmomi akwai rubutun umarni na VBA, shi ke gaya wa manhajar abin da za ta yi idan an danna maɓalli. Da na buɗe shi sai na tuna rubutun ɗan aji ɗaya: babu sakin layi, babu tazara, sunayen abubuwa kuwa a1 da a2 da xx. Yana aiki, amma ba ya karantuwa. Abin da ba ya karantuwa kuwa ba a iya gyara shi ranar da ya lalace.

Kayan share irin wannan rubutu ba ɗaya suke ba, kuma a nan zaɓi yake. Akwai masu gyara sura kawai, irin su Smart Indenter, wanda aikinsa tura layuka ciki domin a ga inda sharaɗi ya fara da inda ya ƙare. Kamar mai sa aya da waƙafi ne, ba ya taɓa kalma. Akwai kuma masu shiga cikin ma'ana, irin su Rubberduck, wanda kyauta ne, da MZ-Tools na kuɗi. Rubberduck zai nuna maka umarnin da ba a amfani da shi, zai kuma canza sunan a1 a duk inda ya fito. Wannan edita ne sosai, kuma mu ɗaliban harshe mun san edita na iya gyara jimla har ya kashe nufin mai ita.

Ni ban fara da ko ɗaya ba. Gaggawa ta sa na fara da nemo-ka-musanya, kuma a nan na sha kashi.

Mai karatu zai tuna da tsofaffin salon haruffan Hausa, irin su Rabi'at, waɗanda aka yi amfani da su kafin Unicode ya wadatu. Da yake allon madannai ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai aka ara musu gurbin wasu alamomi. Shi ya sa idan ka buɗe tsohon rubutu a kwamfutar da ba ta da salon, za ka ga }asa maimakon ƙasa, da ]aya maimakon ɗaya, da ~era maimakon ɓera. Rumbunmu cike yake da su, har cikin saƙonnin da ke rubutun umarni. Sai na ce a mayar da kowace ] ta koma ɗ. Abin da ban sani ba shi ne, a Access baka mai kusurwa ita ke rungume sunan gurbi, kamar [Kalma] ko [Ma'ana]. Cikin daƙiƙa ɗaya [Kalma] ya rasa murfinsa, manhajar ta ƙi tashi. Ƙari a kan haka, editan VBA ba ya karɓar Unicode, don haka ɗ ɗin da na zuba ya koma alamar tambaya. Allah ya taimake ni, malam yana da kwafi a kwamfutarsa.

Daga baya na gane cewa a cikin umarni ana kiran waɗannan haruffa ne da lambarsu: ChrW(409) shi ne ƙ, 599 ɗ, 595 kuma ɓ. Teburan kuwa suna ɗaukar haruffan kai tsaye, domin tun daga Access 2000 rumbun yana adana Unicode. Ke nan aiki biyu ne daban, na tebur da na umarni, ni kuma na haɗa su da tsintsiya ɗaya.

A karo na biyu, kayan da na fara ɗauka ba mai shara ba ne, mai shaida ne. Na fitar da kowane ɓangare zuwa fayil na rubutu da umarnin SaveAsText, na adana su a Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don riƙe tarihin kowane canji. Sannan na sa WinMerge, wanda ke jera tsohon rubutu da sabo gefe da gefe yana haskaka bambanci. Duk kayan da zan gwada, tambayata ɗaya ce: bayan ya gama, me ya canza ban da tazara? Idan ya taɓa abin da ke cikin alamar zance ko cikin baka, na sallame shi.

Wannan gwaji ne ya kayar da wani mai tsara SQL da na samo a intanet. Don SQL Server aka yi shi, alhali Access karin harshensa daban ne: yana kewaye kwanan wata da #, yana amfani da * a inda wancan ke sa %. Bakano da Basakkwace ke nan, sai dai na'ura ba ta da haƙurin da mutane ke yi wa juna.

Yanzu na tura layuka duka, ranar daban na canza sunaye, ɗaya bayan ɗaya, ina gwada binciken kalma bayan kowane canji. Akwai wani umarni mai layi uku da har yau ban gane aikinsa ba. Rubberduck ya ce ba a amfani da shi. Na rubuta masa bayani a kai da Hausa, don wanda malam zai miƙa wa filashar bayana, na bar shi a inda na same shi.