Shin sinadarin enzayim na sa kajin burola saurin girma?

Tun bayan da farashin masara da waken suya ya yi tashin gwauron zabi a Nijeriya a shekarun 2023 da 2024, masu kiwon kajin burola da dama suka koma haɗa abincin kaji da kansu domin rage tsada.

Masana kiwo sun ƙiyasta cewa abinci ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kafin kaza ta isa yanka, cikin makonni shida zuwa takwas.

A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa, inda ake noman dawa da gero da gyaɗa da shinkafa, dusa ba ta wuyar samu, kuma ta fi masara araha. Sai dai burola ba ta iya narkar da ita sosai, abin da ya sa ake shawartar makiyaya da su ƙara sinadarin enzayim.

Yadda yake aiki

Enzayim sinadari ne da ke farfasa abinci a cikin hanji domin jiki ya amfana da shi. Kaza na samar da nata, amma ba ta da isasshen wanda zai narkar da ɓawon hatsi.

Idan dusa ta yi yawa, musamman ta alkama, abincin kan yi yauƙi a hanji, kashi ya yi ruwa, shimfiɗar keji ta jiƙe, girma kuma ya ragu. Enzayim mai suna zailanes na farfasa wannan ɓawo, ya fito da abincin da ke ƙunshe a ciki.

Akwai kuma faites. Kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin fosfaras da ke cikin hatsi a ɗaure yake, kaza na fitar da shi a kashi ba tare da ta amfana ba, alhali shi ne ke gina ƙashi. Faites na kwance shi, ta yadda za a rage garin ƙashi ko sinadarin da ake sayowa.

A shekarar 1991 aka fara sayar da faites a ƙasar Holan, inda hukumomi suka matsa lamba kan gurɓacewar ƙasa da ruwa sakamakon kashin dabbobi. A yau manyan kamfanonin abincin kaji a duniya na amfani da shi.

Iyakarsa

Binciken da aka gudanar a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa amfanin enzayim ya fi bayyana a abinci mai dusa da yawa: kaza kan kai nauyin da ake so da abinci kaɗan. Idan kuwa abincin masara ne da waken suya masu kyau, bambancin ba shi da yawa.

Haka kuma enzayim ba ya ƙara abin da babu. Idan haɗin ya gaza wajen abinci mai gina jiki, kamar waken suya ko tunkuzar gyaɗa, kaji za su tsumbure ko da an zuba shi.

Ba ya narkar da ɓuntun shinkafa mai kaushi, wanda kan gauraya da dusa a ƙananan injinan casa. Ba ya kuma kawar da baurin da ke cikin wasu nau'o'in jar dawa, wanda ke rage wa kaji cin abinci.

Abin lura ga makiyayi

Mai sayen abincin kamfani na buhu ya duba takardar da ke jiki, domin sau da yawa an riga an saka enzayim a ciki, ƙari kuma asarar kuɗi ce.

Mai haɗa nasa kuwa ya sani cewa 'yan giram ɗari kaɗan ake zubawa a tan guda. Don haka sai a fara cakuɗa shi da mudu ɗaya na gari, sannan a riƙa ƙarawa har ya game ko'ina.

Zafi da laima na kashe ƙarfinsa, saboda haka wanda ya daɗe a shago cikin zafin bazara na iya zama bai da amfani. Ya kamata a duba ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar NAFDAC.

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce a raba 'yan tsaki gida biyu, a bai wa rabi abinci mai enzayim, a riƙa auna nauyinsu da abincin da suka ci kowane mako. Idan kuɗin abincin da ya ragu bai kai kuɗin sinadarin ba, to makiyayi bai ci riba ba.