Haɓon Gado da Jijiyoyin Huhu

Jinin da zuciya ke turawa huhu yana bi ta wasu jijiyoyi da suka fi gashi siranta. A nan yake ɗaukar oksijin, a nan kuma ake tace shi kamar a rariya, gudajin jini da ƙwayoyin cuta su maƙale. To, a huhun wasu mutane akwai inda jijiya mai kai jini ke haɗewa kai tsaye da mai dawo da shi, sai jini ya ratse ba a tace ba. Abin da ya kamata ya tsaya a huhu yakan zarce ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko taruwar mugunya, ko da mutum matashi ne.

Galibin masu wannan matsala suna ɗauke da cutar gado da likitoci ke kira HHT, wadda ke samun kusan mutum 1 cikin 5,000. Alamarta yawan haɓo tun ƙuruciya, da jajayen ɗigo a leɓe, harshe ko yatsu. Mukan ɗora haɓo kan hunturu, kuma sau da yawa haka ne. Amma wanda ya bi kaka, ya bi uwa, ya sauko kan jika, ya wuce batun yanayi.

Ta yaya ake gano wannan haɗewar jijiyoyin huhu? Hoton ƙirji na eksire da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin duk sukan kuskure ƙananan jijiyoyin, don haka ba a dogara da su kaɗai. Gwajin farko shi ne na kumfa. Likita zai kaɗa ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa da 'yar iska tsakanin sirinji biyu, ya tura ta jijiyar hannu, yana kallon zuciya a na'urar eko. Lafiyayyen huhu yana tare kumfar. Idan ta ɓullo a ɓangaren hagu na zuciya bayan 'yan bugawa, akwai hanyar da ta ratse. Gwajin ba yanka, ba tururin haske mai illa. Daga nan sai hoton siti-sikan, ya nuna wurin da girman jijiyar.

Magani ma ba sai an buɗe ƙirji ba: ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi a toshe wurin.

Duk wanda haɓo ke bin danginsa ya gaya wa likita, musamman mace kafin ta ɗauki ciki, domin juna biyu na iya sa jijiyar ta ƙara girma har ta fashe.