Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai da Matsalar Shara a Funtuwa da Malumfashi

A wannan maƙala za mu dubi aikin ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwannin Funtuwa da Malumfashi. Tushensu gayya ce: gabanin damina samari kan fito da shebur da baro su yashe magudanan ruwa, ba don a biya su ba.

A da, sharar gari ba asara ba ce. Toka da kashin dabbobi da ke juji, jakuna ke kai su gonakin auduga da dawa. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa takin zamani. Daga baya kuma leda ta cika juji. Ita kuwa ba ta ruɓewa, tana toshe kwata, tana ɓata gona.

Saboda haka yasa kaɗai ba ta isa ba, domin abin da aka jibge a bakin hanya, ruwan farko zai mayar da shi. A ganinmu, wajibi ne ƙungiyoyin su riƙa ware leda, su miƙa wa manoma sauran. Mu tuna, Kogin Sakkwato daga yankin Funtuwa ya faro, ƙazantar da muka saki ba a nan take tsayawa ba.