Matsalolin Kafireta a Tsohon Babur: Yadda Ake Gano Su da Abin da Ba a Yi

Kafireta ita ce ke haɗa fetur da iska kafin su shiga injin babur. Injin yana so ne a ba shi iska kashi 14.7 a kan kowane kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Idan mai ya fi haka yawa, babur ya riƙa hayaƙi yana zuƙe tanki. Idan iska ta rinjaya, ya riƙa zafi yana shessheƙa. Tsofaffin babura irin su Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a 1958, da CG125 da ta fito a tsakiyar shekarun 1970, da Vespa da Suzuki A100, dukkansu da kafireta suke aiki. Galibin na Japan ɗin kuwa ƙirar kamfanin Keihin ne ko Mikuni.

A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi da mai ke taruwa. Cikinsa akwai fulot mai yawo a kan man, da allurarsa da ke toshe hanya in kofin ya cika. Daga nan mai ke bi ta jet biyu. Ƙaramin jet shi ke riƙe silo har zuwa rubu'in totur, doguwar allurar da ke jikin silaid ta karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma ya ɗauki sauran. Sanin wannan rabo shi ne rabin gyara, domin inda babur ke gazawa a kan totur yakan nuna ɓangaren da ke da laifi.

Sai dai ba kowace gardamar babur ce laifin kafireta ba. Kafin a kwance ta, ana fara duba ko fulogi yana ba da wuta, ko tafet bai matse ba, ko kuma mai yana saukowa daga tanki. A zare tiyon mai a buɗe famfon tanki: in ɗigo yake yi, to matatar famfon ta toshe da tsatsa. Akwai kuma ɗan ƙaramin rami a murfin tanki da iska ke shiga. In ya toshe, babur zai yi tafiyar 'yan kilomita ya mutu, a buɗe murfin ya tashi kamar ba shi ba.

Fulogi shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance shi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙi mai busasshen gawayi yana nufin mai ya yi yawa. Fari tas kuwa yana nufin injin na fama da ƙarancin mai, kuma wannan ya fi haɗari. In baƙin yana da maiƙo, galibi baƙin mai ne ke haurowa ta ringi, kafireta ba ruwanta.

Babur da ya daɗe a jingine, wanda ba ya tashi sai an ja cok, kuma da an mayar da cok ya mutu, kusan koyaushe ƙaramin jet ne ya toshe. Raminsa bai kai rabin milimita ba, kuma fetur da ya kwana watanni a kofi yakan bushe ya bar danƙo mai wari. Ana kwance jet ɗin, a jiƙa shi a ruwan wanke kafireta, a hura masa iska mai ƙarfi, sannan a ɗaga shi a hango haske ta ramin. Nan ne ake yawan yin ɓarna. Wasu kan zura allurar ɗinki ko wayar ƙarfe don su buɗe shi. Jet da tagulla ake yin sa, ƙarfe kuwa ya fi tagulla tauri. Ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai har sai an sauya jet ɗin, kuma babu juyin sukuru da zai dawo da shi.

Yoyon mai ta tiyon ƙasan kafireta laifin fulot ne ko allurarsa: ko datti ya tokare ta, ko bakinta na roba ya cinye, ko fulot ɗin ya huje ya cika da mai ya nutse. Girgiza shi kusa da kunne zai nuna ko akwai ruwa a ciki. Wannan yoyo ba abin wasa ba ne, domin man yana ɗiga ne kusa da inji mai zafi, kuma yana iya gangarawa cikin injin ya tsinka baƙin mai. Shi ya sa ake rufe famfon tanki duk lokacin da aka ajiye tsohon babur, musamman a zaure ko kusa da murhu.

In silo yana hawa da sauka, ko totur ya ƙi saukowa da wuri bayan an sake shi, ko salansa na yawan harbi a gangara, a nemi inda iska ke satar shiga. Robar da ke haɗa kafireta da inji takan tsage don tsufa da zafin rana, gaskit ma yakan mutu.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara wa matsalar nauyi. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, sai babur ya shaƙe yana baƙin hayaƙi. Cire matatar gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, ba magani ba ne: rairayi zai shiga ya cinye fistin da ringi. Da damina ruwa kan shiga tanki, kuma da yake ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a gindin kofi. Sassauta sukurun da ke ƙasan kofin zai zubar da shi. Man bumburutu da ake ɗurawa daga jarka ba tare da tacewa ba shi ma babbar hanyar datti ce. A farkon shekarar 2022 an shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin methanol, wanda ke cin roba da gaskit, kuma ababen hawa da dama sun lalace. A wuri mai tudu kamar Jos, da ke kimanin mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, don haka saitin da ya yi daidai a Legas yakan ɗan yi wa babur yawan mai a can.

Juya sukuru shi ne matakin ƙarshe, bayan komai ya yi tsaf kuma injin ya ɗauki zafi. Ana shigar da sukurun haɗin mai da iska a hankali har ya taɓa, ba tare da matsawa ba, a dawo da shi kamar juyi ɗaya da rabi, sannan a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan har silo ya yi sauti mafi tsabta. In sukurun yana ɓangaren matatar iska, sassauta shi ƙara iska ne. In yana ɓangaren inji, ƙara mai ne. Rashin sanin wannan bambanci ya sa mutane da yawa juyawa ta baibai.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu babura da yawa ke roƙon bakanike ya rage musu shan mai ta hanyar sauke allurar silaid ko sa jet mai ƙaramin rami. Ragin da ya wuce kima yana ƙona bawul, a injin Vespa da A100 kuwa yana iya kama fistin a tsakiyar titi. Kuɗin sauke inji ya ninka abin da aka tsimina a gidan mai sau da yawa, don haka duk wanda aka rage wa babur mai ya duba launin fulogi bayan tafiyar farko, in ya ga fari ya koma a mayar masa da saitin.