Gari Yana Faɗi, Mota Ba Ta Kai Ba

Maraɗi ta yau ba Maraɗin da iyayenmu suka sani ba ce. Tun da ambaliyar ruwa ta 1945 ta sa jama'a suka bar bakin gulbi suka hau tudu, gari bai daina faɗi ba. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura 260.000. Sababbin unguwanni sun wuce Zariya da Ali Ɗan Sofo, gidaje suna ta miƙewa ta wajen Tibiri da ta wajen Jiratawa. Amma har yanzu talaka bai samu motar haya mai layi da lokaci tsayayye da zai dogara da ita ba. Abin hawansa kabu-kabu ne, ko adaidaita, ko amalanke.

Mu fara da manomi. A fadamar Jiratawa ana noman rani: zogale, tumatir, albasa da sauran kayan miya. Waɗannan ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Ganyen da aka yanka da asuba, in ya kai hantsi a bakin hanya ana jiran mota, ya yi yaushi, kuma ɗan kasuwa shi zai yanka masa kuɗi. Shawararmu ita ce manoma biyar ko shida su haɗa kaya, su yi ciniki da direba guda tun daren Lahadi ko daren Alhamis, tun da Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi take ci.

Amma inda abin ya fi zafi shi ne wajen haihuwa. Naƙuda ba ta san dare ba. Mai ciki ba ta iya zama bayan babur a cikin rairayi, amalanke kuwa tafiyar sa ce ko ta jaki. Idan naƙuda ta daɗe, kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake samuwa, cutar da ake yi wa aiki a asibitin Danja tun 2012. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, sai dai kuɗin mota yana nan a wuyan maigida, kuma direban dare ba ya sassauci.

Saboda haka kada a jira ranar. Tun ciki yana wata bakwai maigida ya san wanda zai ɗauke su, ya riƙe lambar wayarsa, ya ajiye kuɗin mai. Matan da suke adashi su ware wani abu domin wannan. Idan naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko mace ta fara jijjiga, a tashi nan take, ba sai an yi shawara da dangi ba.

Ga hukumomin gari kuma muna da roƙo: duk inda aka yanka filaye, a fitar da hanyar da mota za ta iya bi ko da damina, a kuma ware wurin tasha tun kafin gini ya cinye shi.