Katin da aka ce ya ƙone a Kelle

Kwamfutar ta wani malamin makaranta ce a Kelle, arewa da Gure, can gindin duwatsun Kutus. Tsohuwa ce, da batirin sola ake cajinta, intanet kuma sai abin da wayarsa ta raba mata. Ɗan wansa da ke karatu a Damagaram ya saka mata Debian, ya kuma harhaɗa mata sabon kanel na Linux, wato zuciyar tsarin, don ta rage nauyi. Ta yi sauri kuwa, amma Wi-Fi ya ɓace ɓat. Wani mai gyara ya duba ya ce katin ya ƙone, zafin gari da ƙura ne.

Zancen bai kwanta mini ba. Na sake kunna ta, a jerin farko na zaɓi tsohon kanel ɗin da ya zo da Debian. Nan take ta ga wayar malam.

"Malam, katinka lafiyarsa ƙalau," na ce.

"To ɗana, me ya kama shi?"

Zato na biyu ya faɗa kan famwaya, wato manhajar da katin kansa yake aiki da ita. Katin Wi-Fi na Intel yana da ƙaramar ƙwaƙwalwa tasa, amma ba ya riƙe manhajar da yake aiki da ita. Da an kashe wuta ta goge, kowace tashi sai direban katin, mai suna iwlwifi, ya roƙi kanel ya ɗauko ta daga faifai a ɗura masa. Shekaru da dama Debian ba ta saka irin waɗannan fayiloli cikin faifanta na ainihi, saboda kamfanoni sun ɓoye yadda aka rubuta su, sai a fitowa ta 12, a 2023. Watakila babu fayil ɗin ke nan. Na leƙa /lib/firmware, ga shi zaune. Dama in babu shi, da tsohon kanel ma bai tada katin ba.

A nan abin ya ɗaure kai: faifai ɗaya, fayil ɗaya, kati ɗaya, wani kanel ya gani, wani ya ce babu.

Na koma sabon kanel na buga dmesg, littafin da yake rubuta duk abin da ya yi tun daga tashi, kowane layi da lokacinsa a gefe. Ga kukan direba, ɗaukar fayil ta gagara, da lamba -2, wadda a Linux take nufin ba a sami fayil ba. Na bi layukan da yatsa zuwa ƙasa. Layin da ke cewa an buɗe faifai yana can ƙasa da kukan. Ashe roƙon ya riga buɗewar.

Dalili kuwa shi ne yaron ya gina direban cikin jikin kanel, ya kuma jefar da initramfs, ɗan kunshin fayiloli da ake ɗorawa a ƙwaƙwalwa tare da kanel don ya sami abin riƙewa kafin ya kai ga faifai. Direban da ke cikin jiki yana farkawa tun kafin a haɗa faifai. Tun Linux 3.7, a ƙarshen 2012, kanel da kansa yake zuwa /lib/firmware ya karanta, to a lokacin da direban ya yi roƙon, wurin bai ma samu ba. Tamkar wanda ya je shago da asuba kafin mai shi ya buɗe, ya komo ya ce babu kayan, bai kuma sake komawa ba. Kanel ɗin Debian kuwa yana ajiye direban a waje, sai faifai ya buɗu ake kiransa.

Ana iya cusa fayil ɗin cikin initramfs, ko a ɗinke shi cikin kanel da zaɓin CONFIG_EXTRA_FIRMWARE. A ganina mafi tsabta shi ne a fitar da direban, a mai da y zuwa m a layinsa na CONFIG_IWLWIFI, a sake harhaɗawa. Haka yaron ya yi da ya zo hutu, katin ya tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saura kaɗan malamin ya aika kuɗi Damagaram a sayo kati sabo, wanda in na Intel ne shi ma haka zai yi shiru. Masu gyara na Gure da Damagaram, don Allah kafin ku ce kati ya ƙone, ku buɗe dmesg ku duba layin da ya riga wani.